Nasiha Ga Ɗana Yayin da Gangar Siyasa Ta Fara Tashi

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Matso kusa, ka ajiye wayar nan tukuna.

Daren jiya bayan sallar isha'i ina zaune a soro da rediyona, sai na jiyo muryarka daga teburin mai shayi. Tun kafin in fahimci abin da ake faɗa na san siyasa ce, domin ita ce ke sa yaro mai kunya irinka ya manta da akwai manya a kusa. Da na kasa kunne sai na ji ashe da abokinka kake, wanda kuka yi makarantar allo tare, wanda mahaifiyarsa ta goya ka lokacin da taka take kwance a asibiti. Ka kira shi maci amana, shi kuma ya ce maka karen farautar 'yan siyasa. Ya tashi ya tafi, shayinsa ko rabi bai sha ba. Ban kira ka a daren ba saboda mai fushi ba ya jin magana. Yanzu gari ya waye, zuciya ta huce, bari in gaya maka abin da shekaru suka koya mini.

Kada ka zaci zan ce ka bar siyasa. Kakanka ɗan NEPU ne, jam'iyyar da aka kafa a nan Kano a 1950, a zamanin da zuwa sauraron lacca kawai kan kai talaka gaban alƙali. Mutane sun sha ɗauri da bulala kafin a yarda cewa ɗan talaka yana da bakin magana a kan wanda zai mulke shi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a ƙarshen shekarun 1970. Katin zaɓen da ke aljihunka gado ne da aka saya da tsada. Ka yi siyasa, ka so wanda kake so, ka yi masa aiki in ka ga ya cancanta. Abin da nake so ka koya shi ne yadda za ka fita daga kakar zaɓe da hankalinka, da mutuncinka, da mutanenka.

A 1979 ina saurayi kamar kai, jinin PRP ke gudana a jikina. Jam'iyyu 5 ne suka yi takara a wannan shekara, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ci shugaban ƙasa, mu kuma muka ci Kano da Kaduna. Ranar da gwamnoninmu Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali mun yi murnar da ban taɓa yin irinta ba. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta dare gida biyu: Santsi na bayan Rimi, Taɓo na bayan Malam Aminu Kano. Ina da amini a lokacin, tela ne, rumfarsa na kallon tawa a kasuwa, kwano ɗaya muke ci da rana. Shi ya tsaya Taɓo, ni na bi Santsi. Daga musu muka koma habaici, daga habaici muka daina gaisawa. Matarsa ta haihu, aka kawo mini goron suna, na mayar da shi.

Malam Aminu ya rasu a watan Afrilun 1983. Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya ci gwamna. Ranar 31 ga Disamba na wannan shekara sojoji suka karɓe mulki, aka rushe jam'iyyun baki ɗaya. Santsi ya tafi, Taɓo ya tafi, amma gabarmu ta zauna, domin kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara sallama. Muka shekara bakwai a haka. Ranar da kakarka ta rasu, da muka isa maƙabarta da makara, na tarar da mutum a cikin rami ya tuɓe riga, gumi ya haɗu da jar ƙasa a bayansa, yana gyara ƙaramin kabari da hannunsa. Da ya ɗago na ga shi ne. Babu wanda ya aika masa, ji ya yi a masallaci ya ɗauki dagi ya riga kowa. A cikin manyan da na ɓata da shi saboda su, babu wanda ya san an yi rasuwa a gidanmu. Har yau in na tuna goron nan da na mayar sai in ji nauyi a ƙirjina.

Su manyan da kuke faɗa dominsu, ka lura da yadda suke tafiyar da nasu lamarin. A 2011 Buhari ya yi takara a CPC, jam'iyyar Tinubu ta ACN kuwa ta tsayar da nata ɗan takara daban. A 2013 suka haɗu a inuwa ɗaya, aka haifi APC. Atiku Abubakar ya bar PDP, ya dawo, ya shiga APC, ya sake dawowa. Peter Obi mataimakinsa ne a takarar 2019, a 2023 kuma abokin hamayyarsa. Kwankwaso ya zauna PDP, ya zauna APC, ya koma PDP, sannan ya yi takara a NNPP, kuma Ganduje da suka raba gari mataimakinsa ne har sau biyu. Ban kawo wannan don in zagi kowa ba. Su sun san sana'arsu: ana ɓatawa, ana shiryawa, ana haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'ya a rungumi juna. Marigayi Waziri Ibrahim na GNPP ya yi ta kiran a yi siyasa ba da gaba ba, manya suka ɗauki maganar a tsakaninsu, mu na ƙasa muka bar ta a hanya.

Kuma gabar ba ta tsayawa a teburin mai shayi. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, cikin kwana 3 aka rasa rayuka sama da 800 a jihohin Arewa, kamar yadda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta. Akwai matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka kashe a jihar Bauchi, 'ya'yan mutane da aka turo su aikin zaɓe kawai. Akwai garuruwa a kudancin Kaduna da har yau ba su koma yadda suke ba. Waɗanda suka mutu talakawa ne, waɗanda suka kashe su ma talakawa ne. Sai ga 2015, ana ta fargaba, mutane na kwashe iyalansu suna komawa garuruwansu na asali, Janar Abdulsalami Abubakar da Bishof Matthew Kukah suna ta kai gwauro suna kai mari da kwamitinsu na zaman lafiya. Ranar 31 ga Maris Goodluck Jonathan ya ɗaga waya ya taya Buhari murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, ƙasa ta yi ajiyar zuciya. Magana ɗaya daga bakin mutum ɗaya ta hana zubar da jini. Bakinka ma yana da irin wannan nauyi a unguwarka. In wani ya miƙo maka gora ko ƙwaya ya ce ka raka shi taro, ka tambayi kanka ina 'ya'yan cikinsa suke a wannan rana.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato abin da muke saurare a lokacin kamfe da abin da muke bari ya wuce mu. Ka tuna zaɓen 2023. An buɗe yaƙin neman zaɓe a ƙarshen Satumbar 2022, aka yi wata biyar ana abu ɗaya kafin ranar 25 ga Fabrairu. Me muka tattauna a majalisarmu ta ƙofar gida? Musulmi da Musulmi a tikiti ɗaya, lokacin Kudu ne ko na Arewa, wane ya tsufa, wane hannunsa na rawa, wane ba ya son mu. A cikin waɗannan watanni Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa da bakinsu cewa za su cire tallafin man fetur. Ba su ɓoye ba. Mu ne ba mu tsaya mun tambaya ba: yaushe, a hankali ko lokaci ɗaya, me za a tanadar wa mai Keke Napep da manomin rani mai injin ban-ruwa, kuɗin da aka rage ina za su tafi? Ranar 29 ga Mayu, a wurin rantsuwa, sabon shugaba ya ce tallafi ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Kuɗin mota ya tashi, kwanon masara ya bi shi. Mai gidan mai bai tambayi kowa jam'iyyarsa ba kafin ya zuba masa. Akwai masana da ke ganin cire tallafin ya zama dole, akwai masu ganin an yi gaggawa, kowanne da hujjarsa. Wannan ita ce muhawarar da ta kamata ta cika kunnenmu kafin zaɓe, sai muka fara ta bayan alƙalami ya bushe.

Saboda haka in ɗan takara ya hau duro ya ce zai kawo tsaro, zai ba matasa aiki, zai gyara ilimi, ka sani kowa ma haka yake cewa, har wanda kake adawa da shi. Tambayar da ke raba aya da tsakuwa ita ce: ta yaya, kuma da wane kuɗi? In ya taɓa riƙe muƙami, je ka duba abin da ya bari. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Asibitin da ya buɗe da kiɗa da guɗa, akwai likita a cikinsa yau? Ya biya malaman firamare a kan kari? Tsofaffin ma'aikata sun ga fanshonsu a zamaninsa? Ka yi wa gwaninka irin awon da kake yi wa na abokinka, da mudu ɗaya.

Ka kuma san aikin kowace kujera. Soja, 'yan sanda, darajar naira da farashin mai suna hannun gwamnatin tarayya. Makarantar firamaren unguwarku, asibitin sha-ka-tafi, ruwan famfo da kwatar da ke cika da damina, waɗannan na jiha ne da ƙaramar hukuma. Sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 aikinsu yin doka, amincewa da kasafin kuɗi da sa ido a kan masu zartarwa, ko da yake mun mayar da su masu rabon babura. Mun sha jin kiran a yi sak, wato a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Guguwa irin wannan takan kwaso nagari, takan kuma kwaso waɗanda ko a unguwarsu ba za a ba su ajiyar kuɗin masallaci ba. Kowace takardar ƙuri'a tambaya ce daban, ka amsa ta daban, bisa cancanta.

Akwai kuma muhawarar 'yan takara. A 1993 mun ga Abiola da Bashir Tofa a talabijin suna amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan zaɓe Abiola ya ci jihar Kano, mahaifar Tofa, alamar cewa mutanenmu sun iya duba abin da ya wuce ƙabila. Daga baya manyan 'yan takara suka mayar da ƙin halarta al'ada. A 2011 Jonathan ya ƙi zuwa wadda abokan takararsa suka je, ya je wata ya tsaya shi kaɗai. A 2019 Buhari bai je ba, Atiku ya isa wurin ya ce ba zai hau ba tunda shugaba bai zo ba. Mai neman aiki a gidanka ba ya cewa ba zai amsa tambaya ba. In gwaninka ya guje wa tambaya, kada ka zama kai ne mai nemo masa uzuri.

Sai batun labari, inda kai ka fi ni kusa da wuta. Mu mun tashi da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da Rediyon Kaduna, da sashen Hausa na BBC da ya soma a 1957. Labari kaɗan ne, kuma kafin ya iso kunnenka ya bi ta hannun edita. Ko a lokacin mun san rediyon gwamnati ya fi jin muryar mai gwamnati. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, talaka ya sami inda zai kai kukansa, wannan alheri ne babba. Amma tare da su aka sami sojojin baka. Ka san yadda abin yake: mintocin da mutum ke yi da dare yana yabon wane yana yagar wane, saye aka yi, kuma akwai mai biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka saurare su in kana so, amma ka sani talla kake ji. Duk tashar da ka kunna, ka san mai ita da inda ya jingina. Ka ji labari ɗaya daga tasha biyu ko uku, abin da suka haɗu a kai ka riƙe, inda suka saɓa ka jira.

Wayar hannunka kuwa ba ta da edita sai kai. Ka tuna a 2018 yadda aka cika Facebook da WhatsApp cewa Buhari ya mutu, an kawo wani Jibrin daga Sudan ya zauna a kujerarsa. Masu digiri sun yarda, suna auna kunne da tafin hannu a hoto, har sai da shugaban ƙasa ya fito a ƙasar Folan ya ce shi ne da kansa. Yau abin ya fi haka. Ana ɗauko bidiyon rikicin wata ƙasa a ce jiya ne a Jos. Ana yanke jawabin minti goma a bar daƙiƙa goma da za ta tunzura mutane. Ana haɗa muryar mutum da kwamfuta ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Allah ya riga ya hore mu a Suratul Hujurati da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci bayin Allah cikin jahilci mu dawo muna nadama. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: labarin da ya fi yi mini daɗi a kan wanda ba na so, shi na fi tuhuma, domin mai ƙirƙirarsa ya san abin da zuciyata ke marmari. In ba ka san wanda ya fara faɗa ba, ba ka san ranar ba, ba ka san wurin ba, bar shi ya mutu a wayarka. Magana zarar bunu ce, kuma ta waya ta fi muni, tana nan a ajiye bayan kai ka manta. Wata rana za ka je neman aure ko neman aiki a tono maka abin da ka rubuta a kan mahaifin wani saboda kuɗin data.

In Allah ya sa ka zama ɗan jarida, kamar yadda kake buri, ka riƙe wannan: taron siyasa ya fi ƙarfin ƙirga motoci da faɗin wa ya sauya sheƙa. Ka je da tambayar matar da ke sayar da ƙosai, ka yi wa ɗan takara ita, in ya kauce ka maimaita cikin ladabi. Ambulan ɗin da za a miƙo maka bayan taro, ka san abin da ake saye da ita. Malamanmu ma muna girmama su, ra'ayinsu na siyasa kuma ra'ayi ne irin na kowa, ana ɗauka ana bari, ba tare da an ci mutuncinsu ba.

Ranar zaɓe ka fita. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce kimanin miliyan 25 ba, wanda ya ci kuma bai kai miliyan 9 ba. Na san an sha wahalar canjin kuɗi a lokacin, mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na mota. Duk da haka, cikin kowane mutum 4 masu rajista kusan 3 sun zauna a gida, sannan duka 4 suka sha abin da ya biyo baya. Za ka ga ana rabon taliya da atamfa da sabulu a bayan layi. Kada ka zagi tsohuwar da ta karɓa, yunwa ba ta da kara. Zauna kusa da ita ka yi mata lissafi: shekara 4 kwana 1,461 ne, in an ba ta naira 5,000 an saye ta a kan abin da bai kai naira 4 ba a rana. Ka jefa taka, ka tsaya cikin natsuwa a ƙirga a gabanka, a rubuta a takarda, wakilan jam'iyyu su sa hannu. In an zalunci gwaninka akwai kotu. In ya faɗi, ka yi haƙuri, mulki na Allah ne, kuma bayan shekara 4 akwai wata rana. In ya ci, aikinka ya ƙaru, domin kai ne ya fi cancanta ka tuna masa alkawarinsa.

Ni na yi asarar shekara bakwai da aminina, ba na so ka yi asarar ko kwana bakwai da naka. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma baki ɗaya suke kwana. Ka tashi yanzu tun rana ba ta yi zafi ba, ka je gidansu, ka durƙusa ka gaida mahaifiyarsa, ka kira shi waje ka ba shi hannu. Kada ka ce ya bar gwaninsa, kai ma kada ka bar naka. Da dare ku koma teburin mai shayi, ka biya masa wanda ya bari jiya, ku yi musunku a kan farashin taki da kuɗin makaranta. Allah ya zaɓa mana shugabanni masu tausayinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kai kuma ya yi maka albarka. Tashi ka je.